Normand da Hanyar Bayan Maƙabarta

Normand Lacasse bai taɓa zama gwanin keke ba. Nasa tsoho ne mai nauyi, a hawa tura shi yake yi, sai a gangare yake zama a kai. Amma hanyar nan da masu keke ke zuwa dominta tun daga Montreal, shi ya haƙa ta da diga da shebur. Tsawonta kilomita goma sha huɗu. Tana tashi daga filin ajiye motoci, ta ratsa kurmi, ta hau tuddai uku, ta zagayo ta bayan tsohon gidan masu zuhudu na Kirista, ta dawo inda ta faro. Ba ta da wuyar da za ta karya mutum, amma wanda ya raina ta sai ya sauka ya tura.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a gonar tuffa ta gidan masu zuhudun. Ya same su mutum saba'in, ya bar su goma sha ɗaya, duk furfura. Da gonar ta fi ƙarfinsu suka bar wa wasu, suka sallame shi da addu'a. A shekarar ce matarsa Pauline ta rasu. 'Yarsu ɗaya tana can Calgary, takan bugo waya ran Lahadi ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce ya ci. Da ƙungiyar masu keke ta garin ta nemi wanda ya san dajin, washegari sai aka gan shi a kan tudu da kayan aiki.

Mita ɗari shida na hanyar a filin masu zuhudu suke, a gefen tudun da ke saman maƙabartarsu. Babu takarda a kan wannan. Ɗan'uwa Aurèle, tsoho daga cikin masu zuhudun da ke kula da filayen gidan, shi ya miƙa wa Normand hannu suka yi musafaha a kan sharaɗi biyu: a wuce wurin shiru, kuma kada a buɗe hanya sai ƙanƙarar cikin ƙasa ta gama narkewa. In aka rufe wannan yanki, zagaye ya ƙare, domin ɗaya gefen dutse ne tsaye da fadama. Mai keke sai ya juya a kilomita na tara ya koma ta inda ya fito.

Duk mai aikin hanya a ƙasar nan ya san saman ƙasa maƙaryaci ne a watan Afrilu. Sai ka ga ya bushe har yana ƙura, alhali ƙanƙara na kwance a ƙarƙashi kamar siminti. Shi ya sa Normand ke da rodi. Yakan je gefen arewa, inda rana ba ta sauka sosai, ya soka shi. In ya shige tsawon kamu biyu bai ci karo da komai ba, ya cire sarƙar bakin hanya. In ya tsaya, a jira. Shekara tara yana haka, ana zaginsa a bayan ido saboda jinkiri, bai taɓa damuwa ba.

Sanyin wannan shekarar ya yi tsawo. Wata biyar Normand yana gida, daga murhu sai taga, sai ya fita ya kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar da babu mai shigowa ta cikinta. A tsakiyar Afrilu aka samu kwana huɗu na rana mai ɗumi. Ghislaine Paquin, mai shagon gyaran keke kuma shugabar ƙungiyar, ta tsaya a gidansa da burodi.

"Kawu, ashe kana da rai? Na ɗauka sai mun fasa ƙofa."

"Da kin fasa, ke za ki gyara."

Ta gaya masa waya ta hana ta sakat, kowa na tambayar ko za a buɗe ran Asabar. Ba ta matsa masa ba. Ta ce maganar tasa ce, abin da rodin ya faɗa shi ke nan.

Ran Juma'a ya hau. Ya soka rodin a tudun farko, gefen kudu, ya shige kamar a cikin man shanu. Zuwa bayan maƙabarta akwai sauran tafiyar minti arba'in, gwiwarsa kuma tana ciwo. Da ciwon gwiwar ya kafa wa kansa hujja. Gaskiyar ita ce ya san abin da rodin zai faɗa a can, bai so ya ji ba. Mutane yake so ya gani. Ya sauko ya cire sarƙar.

Ran Asabar kekuna suka fi ɗari biyu. Ya zauna a bayan motarsa da kofi a hannu, ana wucewa ana ɗaga masa hannu, ana kiran sunansa. Rabon da ya yi dariya irin ta ranar tun kafin dusar farko. Da safe ƙasar arewa ta riƙe, domin sanyin asuba ya ɗaure ta. Kafin azahar samanta ya saki, ya zama kunu a kan ƙanƙara, tayoyi suka yi ta tsaga shi, kowace na bin sawun ta gabanta. Ran Lahadi aka wuni ana ruwa. Ƙasar da ke daskare ba ta shan ruwa, sai ya bi tsagar tayoyin nan ya gangara, ya bi ta ƙarƙashin shinge ya shiga maƙabarta.

Ran Litinin da safe Normand ya tarar da Ɗan'uwa Aurèle tsaye a wurin, ya dogara da sanda. Laka ta rufe kaburbura uku. Gicciyen katako biyu sun kwanta. Kabarin wanda aka binne a watan Nuwamba ya lotsa ta gefe ɗaya.

Tsohon bai ɗaga murya ba.

"Ka soka rodin, Normand?"

"Na soka a kudu."

"A nan fa?"

"Ban soka ba, Ɗan'uwa."

Tsohon ya jima yana duban lakar. Daga nan ya ce zai kai wa shugaban gida magana, 'yan'uwa za su zauna a kai, shi bai san abin da za su yanke ba. Ya juya ya tafi a hankali.

Ghislaine ta so ta rubuta wa masu zuhudun wasiƙa. Ta ce ai za a iya cewa wasu ne suka tsallake sarƙa kafin a buɗe, abu ne da ake yi kowace shekara, babu wanda zai musa. Normand ya ce in ta rubuta haka zai je da ƙafarsa ya ƙaryata ta. Ta ce to ta tara mutum ashirin ran Asabar a gyara wurin. Ya ce taron mutum ashirin a kan kaburburan mutanen da suka yi rayuwarsu cikin shiru, ba gyara ba ne.

"To kai kaɗai, da wannan gwiwar?"

"Da ita na ɓata."

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ya fara da kaburburan, ya kwashe lakar da ƙaramin shebur, kusa da gicciye kuma da hannu. Ya cike wanda ya lotsa, ya daddanna, ya tsayar da katakan. Daga nan ya koma sama. Ya cike tsagar tayoyi, ya karkatar da bayan hanyar domin ruwa ya riƙa zubewa gefe tun kafin ya taru, ya haƙa magudana mai zurfi a saman shingen, ya shimfiɗe ta da duwatsun da ya riƙa ɗaukowa a baro daga rafi. Baro sittin da wani abu. A wasu wuraren diga tana tsalle daga ƙanƙarar da har lokacin ba ta saki ba.

Daga kwana na uku Ɗan'uwa Aurèle ya fara fitowa da rana, ya zauna a benci da bargo a gwiwa, da kwanon miyar wake da aka aiko daga kicin. Ba sa yawan magana. Sau ɗaya ya leƙa ramin magudanar ya ce, "Wannan zurfin, ruwa kake haƙa wa ko ni?"

"Naka kabarin ba zan yi shi a gefen arewa ba."

Tsohon ya yi dariya har tari ya kama shi. Normand bai ba da haƙuri da baki ba ko sau ɗaya, ba a kuma nema ba.

Ran da Normand ya gama, tsohon ya zo da amsa. 'Yan'uwa sun zauna. Huɗu sun so a rufe har abada. Abin da aka tsayar shi ne a rufe yankin wannan shekarar gaba ɗaya, a ga yadda magudanar za ta yi da narkewar baɗi, sannan a sake magana.

"Ba alkawari ba ne," in ji shi.

"Na ji."

Normand da kansa ya kafa allon sanarwar rufewa a kilomita na tara, ya ja sarƙa. Masu zuwa daga nesa suka ragu, domin babu mai son ya yi tuƙin awa guda ya zo ya hau rabin hanya ya juyo. Wasu a ƙungiyar suka daina gaishe shi. Ghislaine ba ta daina kawo burodi ba, sai dai ba ta zama.

Duk ranar da aka yi ruwa, da an ɗauke sai ya jingina kekensa a jikin allon, ya tsallake sarƙar, ya bi mita ɗari shidan nan a ƙafa. Ciyawa ta fito a inda tayoyi suke bi, bai taɓa ta ba. Magudanar yake dubawa, ya gyara dutsen da ya goce, ya cire abin da ya toshe. Daga watan Satumba Ɗan'uwa Aurèle ya daina fitowa, an ce ƙafafunsa ne. A watan Oktoba ganye ya yi ta zuba ba tsayawa, sai ya zama kullum Normand yana can, ya durƙusa a kan gwiwar mai lafiya, yana kwasar jiƙaƙƙen ganye da hannu yana watsawa bayan shinge.