Izinin Cire Katako

Duk wanda ya zauna a Layin Tsamiya da ke Unguwar Kanawa a shekarun tamanin ya san Baba Datti Masinja, in ma bai san sunansa ba ya san baƙin kekensa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan a wata ma'aikata a Kaduna, kuma bai taɓa buɗe ambulan ɗin da ba nasa ba, bai taɓa matsar da takarda daga kan tebur ba sai ya ga sa hannun mai teburin. Da wannan yake alfahari. Sauran tsofaffi in sun zauna labarin noma ko na fatauci suke ba ka. Shi kuwa babban labarinsa shi ne ranar da wani shugaban sashe ya ce ya ɗauki fayil da gaggawa za a sa hannu daga baya, ya tsaya ƙyam ya ce, "Ranka ya daɗe, a sa yanzu."

Layinmu a gangare yake, kuma kusan yadda matsayin mutum yake a ofis haka gidansa yake a layin. Manya suna sama a gidajen bulo, mu akawuna muna tsakiya, Baba Datti yana can ƙarshe a ginin ƙasa da ya yi da hannunsa. Ɗakin matarsa Hansai shi ya ba hanyar ruwa baya. Kowace damina ruwan layin gaba ɗaya sai ya zo ya gaishe da bangon nan ya ci gindinsa, kowane rani Baba Datti ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe. Da hadari ya haɗo za ka ga Hansai tana sauke kwanukanta daga jere tana kaiwa zaure. Abu ɗaya suke tsoro su biyun, kada wata rana ɗakin ya zube.

Saboda wannan bangon ya shiga Ƙungiyar Zumunta da Ci Gaban Layin Tsamiya tun ranar da aka kafa ta. Alhaji Balarabe, wanda gidansa ya fi na kowa tudu, shi ne ciyaman. Malam Yusha'u shi ne sakatare. Ni Idris, akawu mai mata da 'ya'ya biyu, aka ba ni mataimakin sakatare, muƙamin da aikinsa riƙe jaka ne in sakatare zai yi alwala. Baba Datti kuwa ba a ko yi zaɓe a kansa ba, shi ne mai raba takardu.

Kada in zalunci ƙungiyarmu, ta yi aiki. Mun share maƙabarta, mun cike ramukan hanya, mun shafe makarantar Islamiyya da farar ƙasa, in wani ya kwanta asibiti muna zuwa dubiya. Matsalarmu ɗaya ce, dukanmu ma'aikatan gwamnati ne, kuma mun taho da ofis gida. Ba ma ɗaga tsintsiya sai an rubuta a bayanin taro cewa za a ɗaga ta. Ba ma gama aiki sai an ƙaddamar da shi, da babban baƙo da rumfa da lemon kwalba da mai hoto. Mun taɓa ƙaddamar da kwandon shara guda uku, jawabi huɗu aka yi a kansu.

A farkon 1988 aka amince za a yi lambatu na siminti tun daga saman layi har ƙasa, ya tattaro ruwan ya shigar da shi kwalbatin da za a sa a ƙarƙashin hanya, daidai bayan ɗakin Hansai. Ranar da aka amince Baba Datti har hawaye ya yi. Ranar Asabar ta farko mu arba'in muka fito da diga da shebur, aka ɗauki hoto. Asabar ta uku mun koma mu tara. Daga nan sai birkilan da muka ɗauka da Baba Datti, tsoho mai shekara sittin da wani abu, yana tura baro tun hantsi har la'asar. Kafin ƙarshen watan Maris an gama, aiki mai kyau ƙwarai.

Sai aka zo maganar ƙaddamarwa. Malam Yusha'u ne ya kawo dabarar, kuma muka tafa masa. Ya ce yanke ƙyalle ya zama tsohon yayi. A toshe bakin kwalbatin da katako mai fenti kore da fari, ranar biki a sa tankar ruwa ta zuba ruwa daga saman layi, in ya taru sai babban baƙo ya zare katakon, ruwa ya wuce a gaban mai hoto. Aka rubuta a bayanin taro cewa ba wanda zai taɓa katakon sai da izinin shugabanni a rubuce. Baba Datti da kansa ya kafa shi, ya ɗaure da igiya, ya cusa tsumma a gefe don kada ruwa ya ɗiga ya ba mu kunya.

Babban baƙonmu wani babban sakatare ne a wata ma'aikata. An sa rana a watan Afrilu, aka raba kati, ana jibi biki ya aiko cewa an kira shi Legas. Kafin ya dawo azumi ya kama. To yaya za a tara mutane a rumfa ba lemo ba cincin? Aka ɗaga sai bayan salla. Wani ya yi maganar damina, ciyaman ya ce ai ruwan farko yayyafi ne, ba ya komai. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa a da ruwan layin yana watsuwa ta ko'ina, yanzu kuwa mun gina masa hanya miƙaƙƙiya zuwa bangon Hansai, muka kuma rufe masa ƙofar fita.

Ranar wata Talata cikin goman ƙarshe na azumi, bayan la'asar, sama ta buɗe. Ba yayyafi ba ne. Hansai ta ba ni labarin farkon abin daga baya. Ta ce tana ganin ruwa ya cika lambatu ya fara hawa bango ta kwaɗa wa mijinta kira.

"Malam, je ka cire katakon nan!"

Ya fita da sauri, ya shiga ruwa, ya ɗora hannu a kan igiyar. Ƙulli ɗaya ne, shi ya yi shi. Ta ce sai ta ga ya tsaya kamar wanda aka kira sunansa daga baya.

"Me kake jira, Malam?"

"An rubuta ba a taɓawa. Bari in gaya wa ciyaman, yanzu zan dawo."

Ya kama hawan layi cikin ruwan nan, da azumi a bakinsa. Alhaji Balarabe ya leƙo ta taga ya ce shi ba shi da matsala ko kaɗan, amma tunda a rubuce aka hana, a rubuce za a halatta, ya je wurin sakatare. Malam Yusha'u ruwa ya tare shi a unguwar Abakpa bai dawo ba. Da haka Baba Datti ya buga ƙofata, jiƙe sharkaf, yana haki.

"Malam Idris, ruwa ya kama bango. Ciyaman ya yarda a cire katako, sai dai a rubuta."

"Haba Baba Datti, je ka cire mana! Wa zai ce maka don me?"

"Ka rubuta mini, layi ɗaya ma ya isa."

A nan ne nake jin kunyar kaina har yau. Da na ja hannunsa mun ruga, ko na yagi takardar littafin 'yata na rubuta kalma uku, da wataƙila ba a kai ga abin da aka kai ba. Amma shekara biyu ina riƙe jaka, ba a taɓa neman sa hannuna a kan komai ba. Sai na ji wani daɗi ya ratsa ni. Na ce ya shigo zaure. Na buɗe jakar sakatare na nemo takarda mai tambarin ƙungiya. Na duba lambar wasiƙar ƙarshe don in sa ta gaba. Na rubuta kwanan wata, na rubuta "a madadin sakatare", na nemi hatimi, tawadarsa ta bushe, na hura masa iska na buga sau biyu. Shi kuma yana tsaye yana kallona da girmamawa, bai ce in yi sauri ba, don a saninsa haka ake aiki. Ya karɓa da hannu biyu, ya ninke, ya sa a cikin hularsa.

Muna gangarowa muka ji ƙarar. Ba ta da ƙarfi, kamar an sauke buhun hatsi daga mota. Da muka isa mun tarar da Hansai tsaye cikin ruwa har gwiwa da taɓarya a hannu, ta farfasa katakon, ruwa yana ta shigewa kwalbati da gudu kamar yadda birkila ya tsara. Sai dai ta makara. Bangon ya zauna, rufin kwano ya kwanta a kan gadonta, kwanukan da ba ta kai ga fitarwa ba suna yawo a tsakar gida.

Baba Datti ya cire hula ya fito da takardar, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Ya duba dama ya duba hagu, babu wanda zai kai wa. Sai ya miƙa wa matarsa.

"Mene ne wannan?"

"Izini ne."

Hansai ba ta yi boko ba. Ta juya takardar gaba da baya, sannan ta miƙo mini.

"Idi, karanta mini. In ji ko an ce ɗakina ya tashi."



Ƙungiya ta yi taron gaggawa. Aka yi addu'a, aka rubuta jaje a bayanin taro, aka kafa kwamitin mutum biyar da zai duba yadda za a taimaka wa Baba Datti. An ɗan yi gardama a kan ko ya dace a tuhumi Hansai da lalata kayan ƙungiya, ciyaman ya ce a yafe mata albarkacin watan azumi. Kwamitin ya zauna sau biyu. Ɗakin dai Baba Datti ne ya sake gina shi da rani, shi kaɗai, bai sanar da kowa ba, kuma a cikinsa ya rasu bayan shekara takwas. Damina guda Hansai ta yi tana kwana a zaure.

Biki kuwa ba a fasa ba. Sati biyu bayan salla aka yi sabon katako, aka yi masa fenti, aka kafa shi da safen ranar. Baba Datti ne ya raba sababbin katunan gayyata gida gida a kan kekensa. Da mai hoto ya zo ya duba wurin, ya ce kangon ɗakin zai fito a bayan babban baƙo, ba zai yi kyau ba. Aka aro tamfol daga masu rumfa aka rufe shi. Iska ta yi ta ɗaga gefe ɗaya, aka rasa dutsen da zai danne, sai Baba Datti ya ce a bari, ya zagaya ta baya ya riƙe.

Babban baƙo ya zare katako, ruwan tanka ya wuce, muka yi tafi. A jawabinsa ya ce da irin wannan aiki na taimakon kai da kai, daga yau babu talakan da gidansa zai sake rushewa a Layin Tsamiya. Aka yi hoto, aka wanke wa kowane mamba ɗaya. Nawa yana nan. Mu talatin da shida ne a ciki, kowa da babbar riga, ni ina gefen sakatare ina murmushi. In ka duba sosai a saman tamfol ɗin, ta hannun hagu, za ka ga yatsu huɗu. Iyakar abin da ya fito na Baba Datti ke nan.