Ammu Babikir, Jagoranmu Zuwa Tsofaffin Majami'un Masar

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Ammu Babikir (Ammu shi ne baffa da Larabci), amma har yau in na sauka daga metro, jirgin ƙasan cikin gari, a tsohuwar Alƙahira sai idona ya kai bakin matattakala, inda ya saba tsayawa da farar jallabiya da rawani irin na mutanen Sudan, yana jiran mu taru. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. A shekarun farko baƙin ciki ne ya ɗaure mini hannu, daga baya kuma na ga kamar ba mai son ji. Bana wani abu ya faru da ya sa na ga shirun ya isa haka.

Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar aikin hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shuɗin Nilu, suka kafa ƙauye suka zauna. Hausarsa ta tsofaffi ce, gauraye da Larabcin Sudan, har mukan yi masa dariya in ya faɗi wata kalmar da rabona da jin ta tun bakin kakata a Malumfashi. Na san shi ne a shekarata ta biyu ta karatu, lokacin ina zaune da ɗalibai 'yan'uwana a unguwar Hay el-Sabi'. Gidansa na bayan namu, kuma matarsa Hajja Sakina ita ke sayar mana da abinci ranar da muka gaji da wake da burodi. Sana'arsa kai baƙi yawon buɗe ido, sai dai ba ya kai mutane ganin dalar Fir'auna kamar sauran. Shi tsofaffin majami'un Ƙibɗawa, wato Kiristocin Masar, da ƙauyukan Nubawa na kudu su ne wurarensa.

Ranar da ya fara gayyata ta, na ce masa, “Ammu, ni ɗalibin shari'a, me zai kai ni coci?”

Ya ce, “Bakatsine, ka zo ƙasar mutane ka zauna tsakanin ɗaki da aji kamar kaza a akurki. Yalla, tashi. Gani ya kori ji.”

Na bi shi ina ɗari-ɗari. Ya hau da mu wata majami'a da aka ɗora a kan ƙofar tsohuwar ganuwa, ya nuna mana gilashin da aka shimfiɗa a ƙasa, muka leƙa muka ga ashe a sama muke rataye. Rufin na katako ne, kamar an kifa kwalekwale. A wata majami'ar da ke kusa ya sauka da mu wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa mai sanyi da warin danshi, inda Ƙibɗawa ke cewa Nana Maryamu ta fake da Annabi Isa yana jariri. Bai ce mu gaskata ba, bai ce mu ƙaryata ba. Cewa kawai ya yi mu sassauta murya, domin wata tsohuwa na kuka a gefe. A bakin ƙofa akwai wani dattijo mai sayar da kyandir, Ammu Girgis, da zanen gicciye a wuyan hannunsa. Shi da Babikir suka rungume juna suna tambayar iyali da ciwon gwiwa. Daga nan, kamar yadda yake yi a kowace tafiya, Babikir ya wuce da mu tsohon masallacin da ke unguwar muka yi azahar.

A wani dair, wato gidan rahibai, Kiristocin da suka keɓe kansu don ibada, da ke cikin hamada, ya taɓa nuna mini ƙwan jimina rataye a gaban wurin ibadarsu, ya tambaye ni ko na san shi. Na ce na sha ganinsa a ƙololuwar tsofaffin ɗakuna a ƙauyukanmu. Murna ta kama shi kamar yaro. Ya ce a kan masallacin ƙauyensu ma akwai, kuma ba wanda ya taɓa iya gaya masa wa ya ara a wurin wa.

Tafiyar da ta fi zama mini a rai ita ce ta Aswan. Ya ƙi kai mu gidajen da aka yi wa fenti saboda Turawa, inda ake ajiye kada a kwatami ana ɗaukar hoto. Ya wuce da mu can ciki, wani ƙauye mai nisa da kogi, inda aka zaunar da Nubawan da ruwan madatsa ya cinye garuruwansu. Wata tsohuwa ta dama mana shayi, ta riƙa lissafa mana dabinon mahaifinta da sunayensu, alhali dukkansu suna ƙarƙashin ruwa tun tana budurwa. A hanyar dawowa, da muka kusa tasha, Babikir ya juyo gare mu. Ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, kuma lallai wata shekara zai kai mu ƙauyensu mu ga Hausawan da ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba, tun ana iya ganinsu.

Ba kowa ke son wannan sana'a tasa ba. Cikin ɗalibai akwai masu cewa yana sanyaya wa yara aƙida. Wasu sun daina amsa masa sallama da sakin fuska. In an kai masa labari sai ya ce, “Ma'alish, yara ne, za su girma.”

Ranar da abin ya faru muna dawowa ne daga dair ɗin nan na hamada, bayan la'asar. Mu shida ne a ƙaramar bas, har da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, Madam Rifkatu, da ke aiki a unguwar Zamalek. Wata babbar mota mai ɗauke da tsakuwa ta kauce wa rami ta hau hannunmu. Babikir na gaba kusa da direba. Su biyun ba wanda ya kai asibiti da rai. Ni na tsira da karayar hannu da ta ƙashin wuya. Madam Rifkatu ta daɗe ba ta san inda take ba, daga baya danginta suka mai da ita gida.

Cikin kayan da suka tarwatse a bakin titi akwai zuma da man zaitun da muka saya a wurin rahibai, da wani ɗan gicciye na katako da Madam Rifkatu ta saya wa mahaifiyarta. Ya faɗi kusa da rawanin Babikir. Wani mai wucewa ya ɗauki hoto. Kafin a sallame ni daga ɗakin ɗori, hoton ya zagaye wayoyin ɗalibai, da rubutu a ƙasansa cewa ga ƙarshen mai yawon coci, an same shi da gicciye a jiki. Magana zarar bunu ce. Ban san wanda ya fara zarar ta ba, kuma na daina neman sani.

Washegari aka yi jana'izarsa a wani ƙaramin masallaci, liman Bamisire ya ja salla. Sahu biyu ba su cika ba. Na duba na ga 'yan Sudan tsofaffi, da maƙwabta Misirawa, da ɗalibai ƙalilan. Waɗanda suka sha cin abincin gidansa, waɗanda ya sha raka su ofishin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ya yi musu tafinta, yawancinsu ba su zo ba. Wasu sun ce suna da jarrabawa. Wani ya gaya mini a fili cewa ruwa ba ya tsami banza, gara mutum ya bar abin da yake shakka. Da muka fito da makara na hangi Ammu Girgis a tsallaken titi, tsaye cikin rana, yana share ido da hannun riga. Bai matso ba. Ya san in ya matso zai ƙara wa maganar gishiri.

Na yi iya yina. Na faɗi abin da na gani a duk inda aka taru, na rantse har na gaji. Wasu suka ce bugun da na sha a kai ne, wasu suka ce ai dama ni yaronsa ne. Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ni dai na ga wadda ta yi 'ya'ya, kuma Hajja Sakina ce ta ci su. Masu sayen abincinta suka janye da ɗaiɗai. Matan ɗalibai da take yi wa lalle suka koma wurin wata. Shekara ba ta zagayo ba ta bar Hay el-Sabi' ta koma wani ɗaki a Arba'a wa Nus, unguwar da talakawan Sudan suka yi yawa. Har yau ba wanda ya je ya ce mata an yi kuskure.

Ina yawan tambayar kaina abin da Babikir zai ce in ya ga yau. Majami'un suna nan, amma sai ka bi ta shingen 'yan sanda da na'urar bincike kafin ka shiga, baƙi kuma sun fi kallon wayoyinsu fiye da bangon da suka zo gani. Ammu Girgis ya rasu, wani saurayi ne ke zaune a kujerarsa, bai san kowa ba. Ɗaliban da suka ƙi yi wa Babikir salla sun gama karatu sun koma gida, wasunsu manyan malamai ne yanzu, har nakan ji ɗaya daga cikinsu yana wa'azin zaman lafiya da maƙwabta. Ina jin wannan zai ba shi dariya, ba zai riƙe shi ba. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne na ƙauyensu. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ya bi ta kansa. An ƙone rumbuna, an kwashe dabbobi, mutane suka watse. Ƙauyen da ya yi alkawarin kai mu ba kowa a cikinsa. Mutanensa da yake so mu je mu gani, su ne suka zo mana da kansu, suna kwana su goma a ɗaki ɗaya, suna bin layin magani a harabar majami'u a Ma'adi da Zamalek.

Cikin waɗanda suka iso bana akwai yayarsa, Hajja Asha. Ta ratso hamada a bayan akori-kura, mijinta ya cika a hanya aka rufe shi a yashi. Hajja Sakina ta aiko mini cewa Hajja Asha tana son ganina. Na same ta zaune a kan tabarma, ƙafafunta a kumbure, fuskarta sak ta Babikir. Bayan gaisuwa da ta'aziyya ta kore yaran da ke ɗakin, ta dube ni.

“Ɗana, an ce kana cikin motar.”

“Ina ciki, Hajja.”

“Don Allah kada ka ji tausayina. A kan me ɗan'uwana ya mutu?”

Sai a lokacin na san hoton ya kai har bakin Shuɗin Nilu. Na gaya mata abin da na shekara bakwai ina faɗa. Kafin mu baro dair, Babikir ya roƙi wani rahibi ruwa, rahibin ya kawo masa a buta. Ya yi alwala, ya shimfiɗa mayafin kafaɗarsa a gindin katanga daga waje, ya ja mu la'asar, ni da ɗalibai biyu. Da muka shiga mota carbi na hannunsa. Gicciyen na baƙuwa ce, a gabana ta saye shi.

Hajja Asha ta gyaɗa kai. Sannan ta gaya mini cewa limamin ƙauye ya ƙi yi masa addu'a a masallaci, 'yan'uwa maza suka hana a yi zaman makoki. Mahaifiyarsu, wadda ta makance da tsufa, takan soya waina ranar Juma'a ta raba wa yara ba tare da ta faɗi ko sadakar wa ce ba. Ta rayu shekara biyu bayansa. Duk wanda ya dawo daga Masar sai ta sa a kira mata shi ta tambaye shi, kuma ba ta taɓa samun wanda ya gani da idonsa ba.

“Da Inna ta ji wannan bakin naka,” in ji Hajja Asha, “da ta mutu da sauƙi.”

In aka auna abin da ya rage na Ammu Babikir, ba shi da yawa. Bai bar gida ba, bai bar ofis mai sunansa ba, garin da aka haife shi ma ya riga ya tashi. Akwai mu 'yan kaɗan da ya koya wa shiga wurin ibadar wani da ladabi, mu fito da addininmu cikakke. Akwai matarsa da ba ta taɓa shakkarsa ba ko na yini guda. Akwai kuma shaidar da na ɗauka, wadda na rubuta a nan domin wanda ya tura hoton nan, ko ya gan shi ya yi shiru, ya san abin da ya aikata wa wata makauniyar tsohuwa da bai taɓa gani ba.

Makon jiya na kai Hajja Asha maƙabartar da ke bayan gari. Ta zuba wa kabarin ruwa daga gorar da ta riƙo, ta dafa ƙasar da tafin hannu, ta kira shi da sunan da suke kiransa yana yaro, wanda ban taɓa ji ba. Ta ce masa ta zo, kuma za ta gaya wa duk wanda ya rage gaskiyar yadda ya mutu.

Allah ya jiƙan Babikir, ya haɗa shi da mahaifiyarsa a inda ba sai ta tambayi kowa ba.