Ayar Da Na Shanye

Wata Asabar ce da damina, ina aji huɗu, na laɓe bayan randa a gidan Hajiya Tabawa da ke Ƙofar Mata, riƙe da allon jikarta Hajara da kurtun tawada. Mu kaɗai ne Kirista a gidan, haya muke, saboda Mama ungozoma ce a asibitin da ke kusa. Ni kuwa a lokacin kaina kamar dutse, carafke kaɗai na iya. Malaminmu ya riga ya aiko cewa in na sake faɗuwa zan maimaita aji, ke nan ƙanena Bulus zai tarar da ni. Abin ya hana ni cin tuwo.

A majami'armu ta Sabon Gari na tsinci cewa akwai ayar da ke maganar Allah yana ba da hikima. Sauran bayanin ya wuce ni, ina gyangyaɗi, amma na ga Mama ta sa tsinken tsintsiya a shafin ayar cikin Littafi Mai Tsarki. Na kuma saba ganin ana wanke wa Hajara rubutu ta sha kafin jarrabawa, ga shi ita ke zuwa ta ɗaya. Sai na ɗauko Littafin, na kwafi ayar a allon harafi-harafi kamar mai zanen lalle, na wanke a ƙoƙo na kwankwaɗe. Kai, ga bauri!

Baƙin leɓena ne ya tona ni. Na ɗauka duka zan sha, sai Mama ta zaunar da ni kan tabarma, ko rigar aiki ba ta cire ba, ta ce, "To, Rifkatu, me ayar ta ce?" Na shanye ta tas, amma ban iya karanta ta ba. Nan na fashe da kuka, na faɗa mata abin da nake tsoro. Hajiya na bakin ɗakinta tana dariya, ta ce ai ita ma Hajara kullum sai ta biya karatunta, ba sha kawai take yi ba.

Mama ta buɗe Littafin, ta kama yatsana ta bi layin ayar da shi a hankali, har muka kai kan wata kalma. "Roƙo aka ce," in ji ta. "Zo mu roƙa." Tun daga ranar, kafin shara da wanke-wanke sai mun yi addu'a mun karanta aya guda, kuma ba na tashi sai na faɗi abin da na gane da bakina.

Ajin dai na maimaita shi, benci ɗaya da Bulus, na sha tsokana har na gode Allah. Amma a shekarar ne karatu ya buɗe mini, har ni nake karanta wa Hajiya wasiƙun ɗanta.

Yanzu Littafin yana cikin wayata, nakan gama sura guda kafin shayi ya huce. Mama ta daɗe da rasuwa, kuma ina kewarta ƙwarai. Sau da yawa nakan kai ƙarshe in ga ban riƙe komai ba, ga shi babu mai tsayar da ni. Sai in koma farko, in roƙa tukuna.