Neman Kabarin Inna a Jami'a

Wata Asabar ce cikin bazara, shekarar da na shiga aji huɗu, gari na ta ɗokin Shari'a, kakana Malam Ilu ya ce in sauke farantin gyaɗa in zo in ja masa sanda. Ciwon yana ya fara cin idonsa, ya kuma rantse kafin ya makance sai ya nuna mini inda aka binne mahaifiyata. Ina goye ta rasu, aka sa ta a bayan gida kamar yadda ake yi a ƙauyenmu. Daga baya aka tashe mu, aka gina jami'a a wurin.

Mai gadi ya dubi tsufansa ya bar mu muka wuce. Kai, ni da ban san komai ba sai ɗakin jinka da rumbu! Benaye jere da tagogin gilashi, baranda doguwa mai sanyi, wani ɗakin karatu zagayayye kamar masaki, kujerunsa hawa-hawa. Na saki baki har na manta abin da ya kawo mu. Shi kuwa ƙauyen yake bi a ransa: daga rijiya a miƙe zuwa gawo, a karya dama, kabarin na gindin tsamiya. Duk inda muka tsaya sai ya ce, "Hajara, me kike gani?" In ce bene. Mu ƙara gaba, in ce wurin ajiye motoci. Ba rijiya, ba gawo, ko kututture ba su bari ba, har tudun da ake gangarawa a da mun tarar an baje shi. Muka zaga bayan ɗakin littattafai, muka bi ta ƙarƙashin tankin ruwa, muka sake ɓullowa inda muka fara. Ɗalibai na wuce mu da littattafai, wani har ya miƙo masa sadaka. Wallahi ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

Da la'asar ta kawo jiki ya tsaya tsakiyar wani fili da aka shafe da siminti, ya tuɓe takalmansa, ya ce in tuɓe nawa. "Tunda ba mu san inda take ba, ko'ina ita ce. Ba a taka mamaci da takalmi." Haka muka tako har bakin ƙofa, simintin na gasa mana tafin ƙafa, yana ta addu'a, hawaye na bin gemunsa. Kafin kaka ta zagayo idon ya rufe ruf.

Yau an ƙara benaye, an dasa furanni, yara na tsayawa gabansu suna ɗaukar hoto. Ni ma a can na yi karatuna, da takalmina kamar kowa, don kunyar a ce na zare. Har na gama ban san ko a kan Inna nake zama ba.