Hannun Mai Awo

A kasuwar Korbongou muke sayar da masararmu ga matan Dapaong masu awo. Al'adarsu ce su cika kwano ya yi tozo, su kuma tare bakinsa da hannu don ya ƙara ɗauka. Shekarar da taki ya yi tsada, wata ta rungume kwanon da hannu biyu har da ƙirji. Innata ta fizgi itacen wata mai tuya ta sauke wa mai awon a dantse. Na ji ƙarar ƙashi. Abokan matar suka rufe Inna da duka har haƙorinta ya fita.

Tana tofar da jini ta ce, "Hannun nan ya taya ni noma ne?"

Har yau matar tana zuwa, da hannu ɗaya take cutarmu.