Hannun Inna da Fatar Jaririya

Ɗiyar yayata tana da kwana tara Inna ta daina taɓa ta. Tun ranar haihuwa Inna ke mata wanka, kuma duk inda ta kama sai bororo ya tashi, hammata, ƙugu, bayan wuya. Ta dubi tafin hannunta, duk ya yi kanta saboda sussukar gero, ta ce, "Hannuna ne ke ƙona ta. Ku nemi wata."

Likita a Gusau ya ce ciwon fata ne na gado, ya ba da man shafawa da bandeji. Inna ba ta yarda ba. Sai ta tsaya bakin ƙofa tana leƙen jikarta, hannuwa a baya.

Ni gyaran waya nake a kasuwar Bukkuyum, ban wuce sakandare ba. Amma na yi kwanaki ina karatu a waya, kuma wallahi abin da na gano har yau yana burge ni. Ashe fata hawa biyu ce, a tsakani akwai wata shimfiɗa siririya da ido ba ya gani. Ƙwayoyin fatar sama suna da wasu furotin kamar ƙananan ƙugiyoyi, su ke riƙe zaren shimfiɗar. Kuma su ke jera zaren tun farko, yadda mai saƙar tabarma ke danne kaba da ƙafa kafin saƙa ta miƙe. In ƙugiya iri ɗaya ta samu matsala, 'yar gogayya kaɗan sai sama ta rabu da ƙasa, ruwa ya taru.

Na iske Inna tana tsintar wake, na yi ta zuba mata bayani.

"Malamin waya, taƙaita," in ji ta. "Laihin hannuna ne ko a'a?"

"Inna, ko hannun auduga ne sai ta tashi. Ja ne fatar ba ta so. A daina ɗaga ta ta hammata, a sa hannu ƙarƙashinta."

"To mi ya hana ka hwaɗi haka tun ɗazu?"

Ta ajiye faifan, ta shafa man kaɗe a hannu, ta shiga ɗaki. Ta zura hannu ɗaya ƙarƙashin kan jaririyar, ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu, ta ɗaga ta a hankali.

Washegari wani ƙaramin bororo ya fito a diddigen jaririyar. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a kawo ruwan wanka, kada ya yi zafi.