Ɗigon Fensirin Malam Isiyaku

Shekara talatin da ɗaya Malam Isiyaku ya yi yana riƙe da ranakun ma'aikatarmu, ni kuwa cikin wata biyu na ƙwace su daga hannunshi. Sunana Fadila, ni ce shugabar sashen kwamfuta a wata ma'aikata da ke GRA a nan Katsina. Duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙuri. Mahaifiyata ta faɗa, mijina ya faɗa, ni ma ban taɓa musu ba.

Shi Malam Isiyaku haifaffen Ƙofar Durbi ne, ɗan wani maɗinkin hula. Ya shigo aiki yana mai buga tafireta, a hankali ya zama sakataren darakta, kuma daraktoci bakwai suka zo suka tarar da shi a kan kujerar nan. Dogo ne siriri, kullum cikin farin kaftani, da wani tsohon babur da ba ya tashi sai an lallashe shi. Idan ya fara gaishe ka, to ajiye abin da ke hannunka. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya mai jiki ko da ba mai jikin, ya aka ji da zafi. Mu matasan ofis Baba muke ce mashi, a bayan idonshi kuma mu ce Baba Kalanda.

Sunan ya samo asali ne daga littafinshi, wani ƙaton littafi mai baƙin bango. Duk ƙarshen shekara zai zauna da rula ya ja layuka da hannunshi, kowane ma'aikaci da layinshi, kowace rana da gidanta. Kwanan watan Bature da biro yake rubuta shi, na Musulunci da fensir, don in an ga wata ko ba a gani ba ya goge ya gyara. Taro, tafiya, hutu, zuwan baƙi, komai yana ciki. Sai kuma ɗigo. In mutum ya zo ya ce, "Baba, ina da uzuri ranar Laraba," ba ya ɗaga kai ma balle ya tambayi wane iri. Zai ɗiga fensir a gidan ranar, shi ke nan. Ba za a sa maka taro ba, ba za a tura ka ko'ina ba. In darakta ya nemi mutumin, amsar ɗaya ce: "Yana da uzuri, ranka ya daɗe."

Yanzu bari in gaya maku abin da ni ban sani ba a lokacin, don ku gan ni yadda nake ganin kaina yau. Matarshi Hajjo, abokiyar zamanshi ta shekara talatin da biyar, tana fama da ciwon ƙoda. Duk Talata da Asabar ana yi mata wankin ƙoda a asibiti, awa huɗu a kwance jikin inji. Tsoron injin take yi ƙwarai, ba ta yarda a soka mata allura sai yana zaune gefenta. 'Ya'yansu biyu mata ne, duk suna aure nesa. Asabar ba aiki, Talata kuwa ya ɗiga wa kanshi fensir, kuma shekara biyu ba a taɓa sa taro da safiyar Talata ba. Ba wanda ya lura, ba wanda ya sani.

Sai aka kawo mana sabon darakta, Alhaji Yahaya, mutumin kirki amma mai son a yi abu yanzu-yanzu. Bai yi wata guda ba zazzaɓi ya kwantar da Baba kwana biyar, littafin kuma yana kulle a durowa. Ranar Alhamis sai ga baƙi daga Abuja, mota biyu, ba wanda ya san da zuwansu. Ko ruwa ba a tanada ba. Kai, mun ji kunya! Washegari darakta ya ce ba zai yiwu ranakun mutum arba'in su kwana a durowar mutum ɗaya ba. A nemo kalandar bai-ɗaya a ɗora a shafin cikin gida na ma'aikata, kowa ya gani daga kwamfutarshi da wayarshi. Ya naɗa ni shugabar kwamitin zaɓe, ya sa Baba a ciki don girmamawa. Gaskiya maganar darakta tana kan hanya, har yau ban ce ba ta kan hanya ba.

Mun gwada manhajoji da yawa, biyu suka rage. Ta farko ba ta da wani ado, amma mutum na iya rufe ranarshi, sauran jama'a su ga "ba ya nan" kawai. Ta biyu kuwa ta tafi da ni: launi-launi, tana aika tunatarwa a waya, tana nuna watan Musulunci, kuma in ka ce mata kana son taro da kanta za ta lalubo lokacin da kowa ke da sarari. Sai dai in za ka rufe rana akwai gurbin dalili, ba ta wucewa sai ka cike shi, kuma abin da ka rubuta kowa zai karanta.

Sai ranar yanke hukunci Baba ya sa baki. Ya gyara hularshi ya ce, "Malama Fadila, ni tambaya ɗaya gare ni. Wacce ce cikinsu ke barin mutum ya rufe rana ba sai ya faɗi dalili ba?"

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, a gaban mutane. Na ce, "Haba Baba! Ai wannan ita ce ƙofar da malalata ke bi. Mutum ya tafi cin kasuwa ko ɗaurin auren abokin abokinshi, a ce yana da uzuri. Wanda ke da gaskiya me zai ɓoye?"

Ya ce, "Ba kowane abu ne ke son idon mutane ba, ɗiyata."

Na ce, "To wanda ba ya son ido ya zauna gida."

Aka yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa ya sunkuyar da kai. Muka zaɓi ta biyu, shi ne ma ya rubuta rahoton da kyakkyawan rubutunshi.

Makon farko darakta ya ce in sa taron shugabannin sassa na mako-mako. Na danna, manhaja ta duba ranakun kowa ta kawo amsa: Talata, ƙarfe goma na safe. Dole ta kawo Talata mana, tunda shekara biyu Baba yana share ta, ita ce ranar da ta fi kowace zama fili. Har yabon manhajar na yi a gaban darakta. Mai rubuta bayanan taro kuwa sakatare ne, ba taron da ake yi ba shi.

Ranar Litinin ya zo ofishina. Ban manta ba, ina fama da wata kwamfuta da ta ƙi tashi, raina a ɓace. Ya tsaya bakin ƙofa ya fara: ina wuni, ina gajiya, ya maigidan, ya yaran, ya Hajiya. Ina amsawa ban ko kalle shi ba. Can ya ce, "Dama batun Talatar nan ne. Akwai ɗan uzuri a gida."

Na ce, "Baba, ai sauƙi gare shi. Shiga ka rufe ranar, ka rubuta dalili a gurbin."

"Kowa zai gani?"

"Kowa. Doka ce, ba a ware kowa ba, har darakta."

Ya tsaya yana juya fensir a hannunshi. Da na ɗaga kai na ce mashi zauna, da na rufe ƙofa na ba shi minti biyar, na san da ya kewaya ya kewaya ya iso. Dattijo kamarshi ba ya buɗe baki haka kawai ya zayyana wa sa'ar ɗiyarshi ciwon matarshi, balle ya rubuta shi inda direba da masinja za su karanta. Ni 'yar garin nan ce, a Ƙofar Marusa na tashi, na san wannan sarai. Amma sai na ce, "Akwai wani abu kuma, Baba?" Ya ce babu, Allah ya yi albarka, ya ja mani ƙofa a hankali.

Daga nan duk Talata yana ofis. Na dai lura yana isowa da gumi, kuma wayarshi na kan cinyarshi a ƙarƙashin tebur yana leƙawa. Har tsiya na yi mashi, na ce Baba an shiga zamani, ko amarya ake nema? Ashe tun ƙarfe bakwai yake kai Hajjo asibiti, ya bar ta da ƙanwarta Ma'u, ya zo ya rubuta mana wa ya ce me, ana tashi ya koma a guje. Talata goma sha ɗaya ya yi haka.

A ta goma sha biyu muna tsakiyar musu kan fentin ofis, wayar ta yi ta motsi. Ya duba sau ɗaya ya kife ta, don darakta na magana. Ta sake, ya sake kifewa. A karo na uku ya ce, "A gafarce ni, ranka ya daɗe," ya fita. Bai dawo ba. Kafin azahar labari ya iso cewa matar Malam Isiyaku ta rasu, jana'iza bayan la'asar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Muka yi ta kallon juna, kowa na tambayar dama ba ta da lafiya?

Washegari muka je ta'aziyya mu matan ofis. A cikin gida Ma'u ta ba mu labari tana kuka, ita ba ta san wace ce ni ba. Ta ce tun da aka hana Malam Talata, Yaya ba ta ƙara shiga ɗakin injin nan da natsuwa ba. Ta ce jiya jikin ya rikice ana tsakiyar wankin, tana ta cewa a kira Malam, a kira Malam, har maganar ta ɗauke. Wata cikin matan ta ce wane marar imani ne ya hana shi? Ma'u ta ce wai wata na'ura ce aka kawo ofishinsu. Ina zaune a kan tabarma, ji na yi kamar an watsa mani ruwan zafi. Tsoro ya hana ni in ce ni ce.

Da za mu fita na durƙusa daga gefen zaure na gaishe shi. Ya amsa gaisuwar duka, ɗaya bayan ɗaya, kamar kullum. Sannan ya ce, "Ɗiyata, bayanan taron jiya na bar su rabi. Suna cikin durowa, ga makulli." Na karɓa.

A durowar, ƙarƙashin takardun, na tarar da littattafan nan masu baƙin bango a jere, kowane da shekararshi. Ban san abin da ya sa na zaro na shekara tara baya ba, ko kuma na sani. Shekarar ce na yi ɓarin cikina na fari, ina sabuwar ma'aikaciya, ban gaya wa kowa ba. Abin da na iya ce wa Baba ranar shi ne ina da uzuri. Na buɗe watan, na bi layin sunana da yatsa. Ɗigo tara a jere. Ni kwana uku na roƙa, shi ya dubi fuskata ya ƙara shida. Da na dawo ba wanda ya tambaye ni komai, ni kuma na ɗauka haka duniya take. A nan na zauna kan kujerarshi na yi kukan da ban yi a gidan makoki ba.

Da rana darakta ya aiko in rufe wa Malam Isiyaku ranakun zaman makoki a kalanda. Na buɗe, na zaɓi kwanakin, gurbin dalili ya fito yana jira. Na sa hannu in rubuta rasuwar matarshi, na kasa. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Cikin ɓacin rai na buga ɗigo guda ɗaya na danna.

Ta karɓa. Ranakun suka rufe. Ita dai kada a bar gurbin fanko, ko me aka sa ta yarda. Wata biyu na yi ina gwada manhajar nan, na san launinta, na san tunatarwarta, ban taɓa gwada wannan ba don ban taɓa ganin amfaninshi ba. Dokar da na ce ba ta ware kowa ba, ba ta manhaja ba ce, tawa ce.

Bayan sadakar arba'in ya ajiye aiki, saura shekara huɗu ya cika. Darakta ya roƙe shi, ya ce a'a, ya gaji. Kalandar tana nan muna amfani da ita, kuma tana aiki, baƙi ba su ƙara zuwa mana ba shiri ba. Na sanar da kowa cewa ɗigo ya isa dalili, na mayar da taron ranar Laraba. Matasan da suka zo daga baya sun ɗauka haka kamfanin da ya yi manhajar ya tsara ta.

Nakan biya ta Ƙofar Durbi in gaishe shi, yana zaune ƙofar gida ya koma ɗinkin hula irin na mahaifinshi. Na roƙe shi gafara, ya ce kwanan Hajjo ne ya ƙare, ni ban yi mashi komai ba, ya shiga tambayar yara. Wani lokaci yakan ce, "Ya na'urar taku, tana dai riƙe ranakun?" In ce tana riƙewa, Baba. Sau uku ina shirya bakina tun daga mota in gaya mashi cewa ɗigonshi ma da ya sa da ta karɓa. Har yau ban gaya mashi ba.